Ɗaurin Hagu

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Yau na sa almakashi a yadin. Farin malmal ɗin nan mai shara-shara da na sayo a kasuwar Aminabad tun bara, na ajiye a ƙasan akwati don rigar angoncin ɗana Faraz. Matata Begam ta shigo da shayi ta tarar da ni a durƙushe ina yanka, ta tsaya a kaina ta ce wa zan ɗinka wa. Na ce ba kowa. Yadi in ya daɗe a ninke sai ya yi ja-ja a kan ninkin, asu kuma ba ruwansa da wanda ya yi faɗa da wa. Ta dangwarar da kofin har shayi ya zuba a faranti, ta fita.

Ba don kowa nake ɗinkin nan ba, a shaida. Yaron da ya iya ɗaukar jakarsa ya bar gidan ubansa saboda mace, ai ya iya nemo wa kansa riga. Kantuna sun cika garin nan na Lakno.

Maganar Lahadin can ba zan rubuta ta ba. Abin da na faɗa na faɗa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Na fito da angarkar Dada, doguwar rigar nan tamu ta gargajiya, na shimfiɗa a gado ina kwaikwayon yankanta. Rigar kakan nawa ta girme ni nesa ba kusa ba, asu ya ci bakin hannunta, tabon guminsa har yau yana nan a hammata. Amma ɗinkin, sai ka kai ta bakin taga kafin ka ga inda allura ta bi. Ba maɓalli ko ɗaya. Ɓangaren gaba ɗaya ya hau kan ɗaya, a ɗaure da igiya a gefen ƙirji. Ina yaro Dada yakan kama hannuna ya ɗora a kan ɗaurin, ya ce Musulmi a dama yake ɗaurewa, Hindu a hagu, a zamaninsu tun daga nesa kake sanin gaisuwar da za ka yi wa mutum. Yanzu kowa ya zuba wando da shat, ba ka sanin waye waye sai ya shigo maka gida.

Tun da na yi ritaya daga duba tikiti a jirgin ƙasa na kama wannan ɗinki, 'yan unguwa suke dariya, wai Wajahat Sahib ya tsufa ya koma tela. Tela da keke yake yi, don a biya shi. Ni da hannu nake yi, ban kuma taɓa sayar da ko ɗaya ba. Duk waɗanda na yi a baya a jikin Faraz na gwada su. Sai ya tsaya tsakiyar ɗaki hannuwa a buɗe yana ƙunƙuni, wai wa zai sa irin wannan in ba 'yan fim ba, in ce masa ya tsaya cak ko in soke shi. Yanzu a kan gado nake gwaji, gadon aƙalla ba ya mayar mini da magana.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan La'asar

Begam ta tafi wurin likitan haƙori. Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta yi kukan haƙori ba, matar da ke fasa goron da ake ƙunsawa a ganyen taunawa na pan da turamenta. Ta fita da kwano a ƙunshe cikin tsumma. Ashe likitan yana son kofta, dunƙulen naman nan.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da safe

Hannun riga ɗaya ya shiga. Idona na ta ruwa, hayaƙin garin nan ne.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan Azahar

Begam ta koyi sabon salo. Tunda na hana a ambaci maganar a gabana, sai ta shiga kicin ta bar ƙofa a buɗe ta riƙa gaya wa tukunya. Yau tukunya ta ji cewa auren ranar ashirin da bakwai ga wata ne, a kotu, ba liman ba limamin nasu na Hindu, saboda yarinyar ba za ta bar addininta ba, shi ma ba zai bar nasa ba. Bayan kotu za a ci abinci a gidan kakanta, wani tsoho wai shi Lala Brijnarayan, tsohon malamin makaranta, wai yana karanta harshenmu na Urdu fiye da rabin masallacinmu. Tukunya ta ji sunan yarinyar ma. Ba zan ɓata tawadata ba.

Na ɗaga murya daga ɗaki na ce a gaya wa tukunya miyar tana ƙauri. Ta ce tukunya ta ji, ta kuma ce wanda ya kori ɗansa da baki ai ya saba da ƙauri.

Na ɗinka hammata na farke, na sake ɗinkawa na sake farkewa. Malmal ba ya yafiya, duk inda allura ta shiga sai ta bar huda.

Talata, 11 ga Nuwamba, kafin Magariba

Apa Bilkis ta zo. Yayata ce, dole in tashi in ba ta kujera, amma wallahi da ta yi zamanta a gida. Ta cika baki da pan ta hau yabona. Wai na burge ta, wai haka maza suke, wai duk dangi ana ta maganar yadda na tsaya a bakin ƙofa na ce ni daga yau ba ni da ɗa. Sau nawa ta maimaita, har da kwaikwayon muryata da ɗaga yatsa. A bakina maganar ba ta yi wannan munin ba. A bakinta kuwa, da jan miyau a gefen leɓe, sai na ji kamar in ce ta tashi.

Ta ga yadin a cinyata ta ce, "Wajju, kai har yanzu wasan 'yar tsana kake da tsufanka? Wa za ka ɗinka wa?"

Na ce ba kowa, yadi ne kar ya lalace. Ta ce albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, sai haƙuri. Na ce Apa, za ki rasa keken haya in duhu ya yi.

Jumma'a, 14 ga Nuwamba, bayan masallaci

A masallaci kowa sai ya riƙe hannuna ya daɗe, kamar an yi mini rasuwa. Gara masu dariya.

Haƙorin Begam ya tashi jiya ma. Ta dawo ta gaya wa tukunya cewa yaron ya rame, ƙasusuwan wuyansa duk a waje, wai ba ya cin abincin kirki, barci ma sama-sama, don garin nan yanzu ba a ƙyale masu irin wannan aure, akwai masu jiran ƙiris. To wa ya aike shi? Ni na ce ya je ya tsokano tsuliyar dodo?

Na rage faɗin kafaɗa da yatsa biyu. Yankan Dada ma dama matsattse ne.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Igiyoyi yau. Su ne mafi wuya, ka yanka siririn ƙyalle ka naɗe shi ka bi shi da allura har ya koma kamar tsinken ashana. Yatsana ya huje, na ɗaure shi da tsumma don kar jini ya taɓa farin. Na rataye rigar a ƙofar ɗaki tana fuskantata, na zauna a gado ina kallo. Ga igiyoyin can a hannun damana, kamar yadda Dada ya koya mini. Wannan ta fi duk waɗanda na taɓa yi, ba yabon kai ba. Iska ta shigo ta taga ta kumbura ƙirjinta, na tashi na rufe tagar.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na gama. Na goge, na ninke, na naɗe a tsohon mayafi, na ajiye a kujerar bakin ƙofa saboda akwati ya cika. Ban ce a kai wa kowa ba. Ban kuma ce kar a taɓa ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da rana

Haƙori ya tashi. Kujera ba komai.

Jumma'a, 21 ga Nuwamba, bayan La'asar

Yau rubutun nan ko ni da ƙyar zan karanta.

Apa Bilkis ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, waya a hannu. Wata 'yar dangi ta turo mata hoto. Faraz ne a tsaye cikin rigar, a wani tsakar gida da ban sani ba, yana murmushi. Ta zauna masa cif. Kafaɗar nan da na rage kamar a jikinsa na auna. Ina cikin kallon wuyansa sai Apa ta caka farcenta a kan hoton ta ce in buɗe ido in dubi ɗaurin.

A hagu yake.

Na ce hoton waya ne, juya abu yake yi. Ta ce to agogon hannunsa ma ya juya? Tabon girarsa da ya faɗo daga keke ma ya juya? Ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Kai, Wajju, ban san ka kai nan ba. Ka kore shi da baki, yanzu ka fitar da shi daga Musulunci da allura. Ko ni ban yi wannan tunanin ba."

Bayan ta tafi na ɗauko ta Dada na zura a jikina, abin da ban yi ba tun da na fara yankan. Ɗaurin ya faɗo a damana. Na cire na rataye ta a ƙofa na koma gado na zauna, sai ga shi a haguna. Rigar da ke fuskantarka, damanka hagunta ne. Ko yaron tela na wata ɗaya ya san wannan. Da na shimfiɗa ta Dada a gado na ga yadda take, amma da na zo haɗa gaban, sai kaina ya ce dama, dama, na bi hannuna. Duk shekarun nan ban taɓa buƙatar tunanin ba, don akwai mutum a tsaye a cikin rigar, in kama damansa in ɗaure.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

Zai ɗauka zagi ne. Zai ce Abbu ya zauna mako biyu yana ɗinka mini zagi da hannunsa.

Na ce wa Begam ta je ta karɓo, akwai gyara. Ta ce wane gyara, rigar da ta zauna kamar a jikinsa aka haife ta. Na kasa faɗa mata. Ko ta karɓo ma, sai an farke gaban duka, malmal kuwa zai koma rariya.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan Azahar

Yau ba tukunya aka gaya wa ba. Begam ta shigo har ɗaki da kwalin alewar madara, ta ajiye a gabana, ta zauna a bakin gado, idonta jawur amma fuska a sake. Daga gidan Lala Brijnarayan, wai a kawo mini da hannu biyu.

Ga abin da ya faru. Faraz bai san komai game da dama da hagu ba, ashe duk surutun da nake yi yana tsaye hannu a buɗe ta bayan kunnensa yake bi. Ya sa rigar ne don yarinyar ta gani, tsohon yana kishingiɗe a tsakar gida. Da ya gan shi sai ya ce a miƙo masa tabarau, ya kira shi kusa, ya riƙa shafa ɗinkin, ya ce rabonsa da ganin irin wannan hannu tun rasuwar mahaifinsa. Da ya kai kan igiyoyin sai ya tsaya yana jujjuya su. Daga nan ya fashe da kuka. Wai ya ce wa Faraz, "Ɗana, mahaifinka ya ɗaure maka ita a ɓangarenmu. Mutumin da ya iya wannan ɗinki ba zai yi haka da kuskure ba. Abin da bakinsa ya kasa faɗa ne ya faɗa da allura."

Wai gidan duka aka hau kuka, har yarinyar. Wai tsohon ya ce har yanzu akwai sauran mutanen kirki a Lakno.

Begam ta kama hannuna, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce ashe haka nake, na bar ta tana ta cin fuskata a banza. Na janye hannun na ce yatsan yana ciwo.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Apa ta ce na zage shi, Lala ya ce na sa masa albarka, ni kuwa wauta kawai na yi. A cikinsu babu wanda ya yi tunanin tsoho zai iya rasa gane damansa da hagunsa.

Duk shekarun da na yi a jirgi ban taɓa karɓar na goro ba, ban taɓa cewa na ga tikitin da ban gani ba. Abokan aiki sun gina gidaje, ni na fito da sunana. Shi kaɗai na tara. Yanzu ga kwalin alewa a kan tebur, ladan alherin da ban yi ba. Ƙudaje sun fara zagaya shi. Begam ta ce in ci ko ɗaya ne, na ce ciwon sukari.

Laraba, 26 ga Nuwamba, kafin Magariba

Ya zo.

Bayan La'asar na ji sallama, muryar da ko a kabari zan gane. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, daidai inda na tsaya ran nan. Na amsa. Ban ce ya shigo ba, ya shigo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar yadda yake yi in zan auna wuyansa. Begam ba ta yi ƙarya ba, ya rame. Ya yanke kansa wurin aski a ƙarƙashin haɓa, har yanzu bai iya riƙe reza ba. Ya tambayi ƙafata, ya tambayi idona, na ce da sauƙi. Uwarsa na bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

Ya ce Lala yana so in zo gobe, ya ce a ajiye mini kujera kusa da tasa. Ya ce shi ma yana so. Sannan ya sunkuyar da kai yana murza bakin darduma, ya ce:

"Abbu, ni na san ka. Shi ya sa na kasa barci. Da gangan ka yi?"

Labule ya motsa. Na ga fuskar Begam ta gefe, tana gyaɗa mini kai, tana gyaɗawa, kamar mai roƙon a bar ta ta hau jirgi ba tikiti. I kawai zan ce. Harafi ɗaya. Ko gyaɗa kai na yi ya wadatar, yaron a shirye yake ya yarda, ya zo ne don ya yarda.

Na ce, "Kuskure ne. Da na lura da na farke."

Ya saki bakin dardumar ya shafe ta ta kwanta. Sannan ya miƙe, ya ce ya gode da na gaya masa gaskiya, ai na saba. A bakin ƙofa ya juyo.

"Zan sa ta gobe, saboda tsohon nan ya yi murna, ba zan karya masa zuciya ba. Ƙaryar da ka kasa yi, ni zan yi maka ita. Allah ya ƙara lafiya, Abbu."

Begam ta bi shi har titi ba takalmi. Da ta dawo ba ta yi mini magana ba, ba ta yi wa tukunya ba.

Sai yanzu da nake rubutu sauran maganar ta zo mini. Kuskure ne saboda ba ka nan, babu jikin da zan gwada. Ita ma gaskiya ce. Tana nan a bakina tun Jumma'a. Cikin gaskiya biyu na zaɓi mai yanka, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da rana

Ta sa koren sarinta na biki, ta tsaya a gabana ta ce ita za ta bikin ɗanta. Ba ta ce haƙori ba. Abincina na kan murhu.

Alhamis ɗin dai, bayan La'asar

Gidan shiru. Na zare allura na rasa abin da zan ɗinka. Na ci alewar Lala guda ɗaya, ta bushe.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da safe

Ta bar wayarta a kan tebur a buɗe, ta shiga wanka ta daɗe. Na san tarko ne, na kuma faɗa. Ga shi cikin rigar, furanni a wuya, tsohon ya dafa kafaɗarsa, ɗan ƙaramin tsoho mai farin gashin baki. Kusa da tsohon kujera ce ba kowa a kai. Begam ta ce daga baya, ga bango take magana, an gaya musu ƙafata ce ta tashi. Faraz ne ya faɗa, da bakinsa, yana murmushi.

Ɗan da na yi wa dukan tsiya yana ƙarami saboda ya ce bai sha madarar da ya sha ba. Ni na koya masa ƙin ƙarya, ni kuma na sa shi yin ta ranar aurensa.

Yarinyar tana da ɗan wushirya. Shailja. Ga shi na rubuta, tawada ba ta ƙare ba.

Talata, 2 ga Disamba, bayan Azahar

Na je Aminabad da safe. Mai yadin ya ce irin na bara ya ƙare, wannan bai kai shi laushi ba, na ce ya yanko. Na dawo na share ƙasa na shimfiɗa. Kafin in taɓa almakashi na yafa yadin a jikina, na ɗaga hannun hagu, na sa alamar alli a gefen ƙirji, na sake dubawa, na kuma dubawa.

Begam ta shigo da shayi ta tsaya a kaina. Karon farko ke nan da ta yi mini magana kai tsaye tun ranar biki. Ta ce wa zan ɗinka wa.

Na ce Faraz.

Ta ce ai yana da ɗaya. Na ce waccan kuskure ce.

Ta daɗe tana kallon allin da ya ɓata mini riga ta hagu. Ta ajiye kofin a hankali, bai zuba ba. Ta ce ita dai haƙorinta ya warke, in na gama in kai da ƙafata, kuma kar in kuskura in haɗa gaban a kan gado, in je in gwada a jikin mai ita.

Ban san gidan ba. Ban san ko zai buɗe ba. Ban tambaye ta unguwar ba tukuna.